Biki Ɗaya Rana Ne: Darasin Kasafin Gida Daga Karayar Tattalin Arzikin 2016

A kwanakin ƙarshe kafin Kirsimetin shekarar 2016, jama'a sun yi dogayen layuka a cibiyoyin da Gwamnatin Jihar Legas ta keɓe a sassan birnin Ikko domin sayen wata shinkafa 'yar gida mai suna LAKE Rice. Gwamna Akinwunmi Ambode na Legas da takwaransa Atiku Bagudu na Kebbi ne suka ƙaddamar da ita a watan Disamba na shekarar, inda aka sa wa buhu mai nauyin kilo 50 farashin Naira 12,000, rabinsa Naira 6,000, mai kilo 10 kuma Naira 2,500. A daidai wannan lokaci, buhun shinkafar waje ya kai ko ya haura Naira 18,000 a kasuwanni da dama, wato daidai da mafi ƙarancin albashin wata guda na ma'aikaci kamar yadda doka ta tanada tun shekarar 2011.

Wannan layi na shinkafa ya isa ya nuna halin da magidanta suka shiga a shekarar. Biki ya zo kamar yadda ya saba zuwa, amma aljihun da zai ɗauki nauyinsa ya motse. Ga ɗan kasuwa kuwa, lamarin ya zama biyu, domin shi ne mai sayarwa da ke jiran ciniki a rumfa, kuma shi ne maigidan da iyali ke jira a gida. Darasin da shekarar ta bari shi ne, a lokacin matsi, daga watan da ke biye da biki ake fara lissafin kuɗin biki. Wanda ya fara lissafi daga ranar bikin, a kansa ne karin maganar nan ke faɗawa, cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Yadda karayar ta isa madafa

Masana tattalin arziki kan ce ƙasa ta faɗa cikin karayar tattalin arziki idan jimillar abin da take samarwa na kayayyaki da ayyuka ta ragu a rubu'i biyu na shekara a jere, wato watanni shida. A ƙarshen watan Agusta na 2016 ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tattalin arzikin Nijeriya ya ragu da kashi 2.06 cikin ɗari a rubu'i na biyu, bayan raguwar da aka samu a rubu'i na farko. Da shekarar ta ƙare, raguwar ta kai kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari, kuma wannan ne karo na farko cikin shekaru 25 da aka ga irin haka a tsawon shekara guda.

Tushen matsalar shi ne ɗanyen mai. Gangar da ake sayarwa fiye da Dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗi ƙasa da Dala 30 a watan Janairu na 2016. Bugu da ƙari, hare-haren da aka kai wa bututun mai a yankin Neja Delta sun rage yawan man da ake haƙowa daga kimanin ganga miliyan 2.2 a kowace rana zuwa wajen miliyan ɗaya da rabi. Tun da yake mai ne ke kawo wa ƙasar mafi yawan kuɗin musaya, Dala ta yi ƙaranci.

Daga nan ne wutar ta bi hanyoyi uku har ta isa madafa. Hanya ta farko ita ce darajar Naira. Tun a watan Yuni na 2015 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya hana masu shigo da kayayyaki iri 41 samun Dala a farashin hukuma, ciki har da shinkafa. A watan Yuni na 2016 kuma bankin ya saki farashin da ya daɗe yana riƙewa a kan Naira 197, Dala ta tashi zuwa wajen Naira 280 a rana guda. A kasuwar bayan fage, inda yawancin ƙananan 'yan kasuwa ke samun tasu Dalar, farashin ya tashi daga wajen Naira 270 a ƙarshen 2015 zuwa kusan Naira 490 a ƙarshen 2016.

Hanya ta biyu ita ce sufuri. A watan Mayu na 2016 aka ƙara farashin litar fetur daga Naira 86 da Kwabo 50 zuwa Naira 145, ƙarin da ya kai kusan kashi 68 cikin ɗari. Tayoyi da kayan gyaran manyan motoci, waɗanda da Dala ake shigo da su, su ma suka yi tsada. Duk kwandon tumatir da ya taso daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12, da duk sa da ya taso daga Potiskum zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, yana ɗauke da wannan ƙari a bayansa.

Hanya ta uku ita ce albashi. Kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ragu ƙwarai, har Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana cewa jihohi 27 daga cikin 36 na fama da wahalar biyan ma'aikatansu. A garuruwan da ma'aikacin gwamnati ne babban abokin cinikin kasuwa, rashin albashi na nufin rashin ciniki ga mai shago, da tela, da mahauci.

Sakamakon haka, hauhawar farashi ta kai kashi 18.55 cikin ɗari a watan Disamba na 2016. Ma'anar wannan adadi a aljihu ita ce, kayan da aka saya a kan Naira 10,000 a Disambar 2015 sun koma Naira 11,855. Albashin Naira 18,000 kuwa, abin da yake iya saye bai wuce abin da Naira 15,200 ke saye shekara guda kafin nan ba.

Shekarar da bukukuwa suka haɗu da kuɗin makaranta

Kalandar 2016 ta ƙara wa lamarin nauyi. Azumi ya kama a farkon watan Yuni, 'yan makonni bayan ƙarin kuɗin fetur, kuma a daidai lokacin da wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kaduna, Kano, Katsina da Jigawa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan amfanin. An yi Ƙaramar Sallah ranar 6 ga Yuli. Babbar Sallah ta faɗo ranar 12 ga Satumba, wato a makonnin da makarantu ke buɗe sabuwar shekarar karatu, lokacin da ake biyan kuɗin zango na farko, a sayi littattafai, a ɗinka kayan makaranta. Maulidi ya zo a watan Disamba, Kirsimeti da sabuwar shekara suka biyo baya, sannan zango na biyu ya buɗe a farkon Janairu.

Ke nan maigida Musulmi ya tsinci kansa tsakanin rago da kuɗin makaranta a watan Satumba, maƙwabcinsa Kirista kuma ya tsinci kansa tsakanin tafiya gida da kuɗin makaranta a ƙarshen shekara. Ga Bahaushen da ke kasuwanci a Sabon Badun, ko Agege, ko Anacha, ko Fatakwal, duka lokutan biyu sun shafe shi. A ɗaya shi ne mai kashewa, a ɗayan kuma shi ne mai jiran waɗanda za su kashe, domin shanu, da awaki, da albasa, da tattasai, da wake da ake ci a bukukuwan ƙarshen shekara a Kudu, galibinsu ta hannunsa suke biyowa.

Abin lura a nan shi ne, ba a taɓa yin biki ba zato ba tsammani. Ranar Kirsimeti a tsaye take, Sallah kuma tana matsowa gaba da kimanin kwanaki 11 a kowace shekara. Kuɗin makaranta da na haya ma sanannu ne. Duk wanda ya ɗauki kalanda a farkon shekara zai iya ganin watan da nauyi biyu za su haɗu a kansa.

Yadda masu saye suka sauya

Karayar tattalin arziki ba ta hana biki, illa dai tana sauya yadda ake sayayya. Sauyi na farko shi ne ma'auni. Mai sayen buhu ya koma rabin buhu, mai rabin buhu ya koma robar fenti, mai robar fenti ya koma mudu, ko kongo kamar yadda ake awo a kasuwar Bodija, ko derika kamar yadda ake yi a Ikko. Sauyi na biyu shi ne iri. Shinkafar gida ta Kebbi da ta Abakaliki, wadda da ake wa kallon raini saboda tsakuwa, ta samu shiga gidajen da ba su san ta ba. Shadda mai tsada ta ba da wuri ga yadi mai sauƙi, atamfar Holan kuma ta ba da wuri ga ta Sin.

Sauyi na uku shi ne haɗa hannu. Tsohuwar al'adar watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa a yanka a raba kashi-kashi, ta dace da irin wannan lokaci, kuma ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata a Kudu suna da kwatankwacinta, har da rabon buhun shinkafa da jarkar mai. Sauyi na huɗu shi ne lokaci. Mai jiran albashi ba ya shiga kasuwa sai ana gobe ko jibi biki, saboda haka cinikin da ake bajewa cikin makonni uku ya taru cikin kwanaki uku.

Waɗannan sauye-sauye duk dabarun rage kashe kuɗi ne, amma ba su ne kasafi ba. Mutum na iya sayen komai a mudu, ya kuma wayi gari ba shi da kuɗin makaranta.

A fara daga Janairu

Tsarin da ya fi dacewa da lokacin matsi yana da matakai huɗu. Na farko, a rubuta kuɗin da ke hannu da wanda tabbas zai shigo, ban da alkawarin ɗan'uwa, ban da bashin da ake bin wani, ban da ariyas ɗin da aka ji an ce za a biya. Na biyu, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin wannan kuɗi da shigowar na gaba. Wannan mataki yana da muhimmanci a watan Disamba, domin ma'aikatu da dama kan biya albashi da wuri saboda biki, alhali na Janairu ba zai zo ba sai ƙarshen wata. Albashin da aka saba ci cikin kwanaki 30 sai ya zama dole ya kai kwanaki 40. Na uku, a cire duk abin da ba makawa sai an biya a cikin waɗannan kwanaki. Na huɗu, abin da ya rage shi ne kuɗin biki.

Ga misali domin a ga yadda lissafin ke tafiya. A ɗauka maigida mai 'ya'ya uku ya karɓi albashin Naira 60,000 ranar 20 ga Disamba, ya kuma kwashi adashen Naira 50,000. A idonsa yana da Naira 110,000. To, amma kuɗin makarantar yara na zango na biyu Naira 30,000 ne. Kason watan na kuɗin hayar da zai cika a tsakiyar shekara Naira 10,000. Cefanen yau da kullum na kwanaki 40, a kan Naira 800 kowace rana, Naira 32,000. Kuɗin mota da wuta da ruwa Naira 12,000. Ajiyar ko-ta-kwana saboda rashin lafiya Naira 6,000. Jimilla Naira 90,000. Abin da ya rage masa na biki Naira 20,000 ne kacal.

A cikin wannan Naira 20,000 zai iya sa Naira 7,000 a watanda, Naira 5,000 a ƙarin shinkafa da mai da kayan miya, Naira 5,000 a ɗinkin yara, Naira 3,000 kuma a kyauta da zumunci. Biki ne na daidai ruwa daidai tsaki, amma yaran za su koma makaranta ranar da aka buɗe. Idan kuwa ya shiga kasuwa da tunanin Naira 110,000, ya kashe ko da rabinta ne, to ya buɗe ramin Naira 35,000 wanda sai bashi zai cike.

Akwai abubuwa uku da ke taimaka wa wannan tsari. Na ɗaya, a raba kuɗin tun ranar da suka shigo, a biya makaranta kafin a tafi hutu idan da hali, domin kuɗin da ke aljihu a ranar biki ba su da mai tsaro. Na biyu, a zauna da uwargida a yi lissafin tare, tun da yake ita ce ta san farashin kasuwa da abin da tukunya ke ci, kuma ita ce za ta fuskanci yara idan an rage wani abu. Na uku, a sayi abin da ba ya lalacewa a lokacin da yake araha. Hatsi da wake sun fi sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Yadi ya fi sauƙi watanni biyu kafin biki, kuma tela ba ya ƙara kuɗin gaggawa. Tumatir da tattasai na saukowa idan amfanin noman rani ya fara shigowa, lokacin da mai dabara ke busarwa ya ajiye.

Game da ragon layya, malamai sun sha bayyana cewa tana kan mai iko ne, kuma ba a ɗora wa kowa cin bashin da zai ƙuntata wa iyalinsa ba. Abin da kan tura mutane ga wuce gona da iri shi ne idon maƙwabta, kuma maƙwabta ba sa taya biyan bashi.

Bashi da tarkon kuɗin banza

Idan kasafi ya gaza, ƙofa biyu ke buɗewa, kuma dukansu suna da haɗari a lokacin matsi. Ta farko ita ce bashi mai ruwa. A watan Yuli na 2016 Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa zuwa kashi 14 cikin ɗari, kuma abin da bankunan kasuwanci ke karɓa daga ƙananan masu rance ya haura kashi 20 a shekara. Masu ba da rance na unguwa kuwa da wata suke lissafi. Wanda ya karɓi Naira 50,000 a kan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, ya kuma ɗauki watanni uku kafin ya biya, ya ƙara Naira 15,000 a kan kuɗin abincin da aka cinye cikin kwana biyu. Bambancin bashin kasuwa da bashin biki shi ne, na kasuwa yana haifar da abin da za a biya shi, na biki kuwa daga cefanen gobe ake cire shi.

Ƙofa ta biyu ita ce neman ninka kuɗi cikin gaggawa. A shekarar 2016 wani shiri na intanet mai suna MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kwanaki 30. Babban Banki da Hukumar Kula da Hada-hadar Hannun Jari sun yi gargaɗi, amma matsi ya toshe kunnuwa. Mutane da yawa sun zuba albashi, da kuɗin haya, da jarin kasuwa, da niyyar kwashewa kafin biki. A tsakiyar Disamba, saura ƙasa da makonni biyu Kirsimeti, shirin ya ba da sanarwar rufe asusun mahalarta na tsawon wata guda. Da aka buɗe a Janairu, biyan kuɗi bai koma yadda yake ba. Daga baya Hukumar Inshorar Kuɗaɗen Ajiya ta Nijeriya, wato NDIC, ta bayyana cewa kimanin mutane miliyan uku sun yi asarar Naira miliyan dubu 18.

Idan aka kwatanta, adashe, wanda Yarabawa ke kira esusu, Ibo kuma isusu, ba ya alkawarin riba ko ta Kwabo. Amfaninsa shi ne yana tilasta ajiya, kuma ana iya tsara kwasa ta faɗo a watan da ake bukata. Sai dai shi ma yana da rauni a lokacin matsi, domin idan albashin 'yan zubi ya tsaya, zubi ya tsaya, kuma na ƙarshen layi ne ke shan wahala. Don haka gara a shiga da waɗanda hanyoyin samunsu suka bambanta, a kuma zuba abin da za a iya ci gaba da zubawa ko da ciniki ya ja baya.

Inda jari ke zurarewa

Ga ɗan kasuwa, babban haɗarin biki a lokacin hauhawar farashi shi ne ya ci jari yana zaton riba yake ci. A ɗauki mai sayar da atamfa da ya saro turmi 100 a kan Naira 4,000 kowanne, ya sayar da su duka a kan Naira 4,800. A littafinsa ya samu ribar Naira 80,000. Amma da ya koma sari bayan biki, turmi ya zama Naira 5,000 saboda faɗuwar Naira. Ko da bai taɓa ko sisi ba, Naira 480,000 da ke hannunsa turmi 96 kawai za ta saya. Idan kuwa ya kashe Naira 80,000 ɗin a hidimar biki, turmi 80 zai iya ɗaukowa, wato kashi ɗaya cikin biyar na shagonsa ya tafi ba tare da ɓarawo ya shiga ba.

Maganin wannan shi ne a riƙa sa farashi bisa kuɗin da za a sake saro kayan, a kuma lissafa riba bayan an mayar da adadin kayan da aka fara da su. Haka nan ya kamata ɗan kasuwa ya yanka wa kansa albashi tsayayye daga shago, ya tsara bikin gidansa a cikinsa kamar kowane ma'aikaci. Aljihun tebur da ake ɗiba daga ciki duk lokacin da aka aiko daga gida shi ne ya rufe shaguna da yawa.

Hanya ta biyu da jari ke zurarewa ita ce bashin abokan ciniki. A lokacin biki ne ake yawan cewa a ba ni zuwa ƙarshen wata, kuma a shekarar da jihohi ke riƙe albashi, ƙarshen watan na iya zama watanni shida. A ƙarƙashin hauhawar farashi irin ta Disambar 2016, Naira 100,000 da ta yi watanni shida a hannun wani ta rasa darajar kusan Naira 8,000, ko da an biya ta cif. Hana bashi gaba ɗaya na iya korar tsofaffin abokan hulɗa, amma ana iya sa masa iyaka, a rubuta shi da rana, a nemi kafin alƙalami, a kuma ba wanda ya saba cika alkawari kaɗai.

Hanya ta uku ita ce kayan da ranarsu ke wucewa. Fataken raguna da ke kai dabbobi Kara a bakin hanyar Ikko zuwa Badun sun fi kowa sanin wannan. Ragon da bai samu mai saye ba har kwanakin layya suka fita yana ci gaba da cin dusa da harawa, ga kuɗin fili da na masu tsaro, ga ɗawainiyar fatake, kuma mayar da shi Arewa wani kuɗin mota ne. Haka abin yake ga mai tumatir, da mai kaji, da mai kayan yara na yayi. A shekarar matsi, hikima ita ce a rage yawa, a karkata ga matsakaitan kaya da yawancin aljihu za su iya ɗauka, a kuma yarda da ƙaramar riba a kan kari maimakon babbar asara bayan kasuwa ta watse. Mai kayan masarufi kuma ya bi masu saye zuwa inda suka koma, ya ƙulla kaya ƙanana-ƙanana, domin wanda ya dage sai buhu zai yini yana kallon mai mudu na ciniki.

Darasin da aka maimaita

Nijeriya ta fita daga wannan karaya a rubu'i na biyu na 2017, amma farashin kaya bai koma inda ya taso ba, domin raguwar hauhawar farashi na nufin tashin ya lafa ne kawai. Bayan shekaru uku aka sake komawa. A 2020, sakamakon annobar korona, da kullen da aka yi, da faɗuwar farashin mai, tattalin arziki ya ragu da kashi 6.10 cikin ɗari a rubu'i na biyu da kashi 3.62 a na uku. An tabbatar da karayar a watan Nuwamba, saura wata guda Kirsimeti, alhali iyakokin ƙasa na tudu suna rufe tun Agustan 2019. Sai a tsakiyar Disamba aka ba da umarnin buɗe na Seme, Illela, Maigatari da Mfum. A watan ne hauhawar farashin abinci ta kai kashi 19.56 cikin ɗari.

Shekarar 2024 kuma ta nuna cewa gida na iya shiga matsi ko da alƙaluman hukuma ba su nuna karaya ba. Tattalin arziki ya ƙaru a shekarar, an kuma ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yuli, amma bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 da sake sakin Naira, hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disamba. Kamar yadda aka gani a 2016, buhun shinkafa ya sake haura albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci.

Dattawan kasuwa da suka ga tsuke bakin aljihu na 1982, da layin kayan masarufi na 1984, da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, sun san cewa irin wannan yanayi yakan tafi ya dawo. Farashin gangar mai da darajar Naira ba sa hannun maigida ko mai shago. Abin da ke hannunsu shi ne takarda da alƙalami, da kalandar da ke nuna ranar biki da ranar komawa makaranta. Maigidan da ya ware kuɗin Janairu kafin ya shiga kasuwa, da ɗan kasuwar da ya ƙirga turamensa kafin ya ƙirga ribarsa, su ne za a tarar a rumfunansu idan bikin baɗi ya zagayo.